Darasi na Shida: Cinikin Waje da Kuɗin Waje a Tattalin Arzikin Ƙasa Mai Tasowa

MANUFOFIN DARASI

Bayan an kammala wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. bayyana ma'anar cinikin waje, ya kuma bambanta fitar da kaya da shigo da kaya;
2. faɗin inda Najeriya ke samun dala da inda take kashe ta;
3. lissafa yadda canjin dala ke taɓa farashin kaya a kasuwar unguwarsu;
4. kawo hanyoyi huɗu da kuɗin waje ke shigowa ƙasa ban da ciniki;
5. bayyana dalilin da ya sa sayar da kaya sarrafaffe ya fi sayar da shi ɗanye.

GABATARWA

Kurudu ba ta da tashar jiragen ruwa, ba ta kuma kan iyakar wata ƙasa. Gari ne a Ƙaramar Hukumar Birnin Abuja, a kan hanyar da ta taso daga Nyanya, ta ratsa Karu da Jikwoyi, ta wuce Orozo da Karshi. Duk da haka, wanda ya tsaya a bakin titin nan ya duba da kyau zai ga kayan ƙasashe da yawa. Keke Napep da baburan Bajaj da ke jigilar mutane ƙirar Indiya ne. Yawancin wayoyin da ke hannunmu, da ƙananan janaretocin da masu aski ke tayarwa in an ɗauke wuta, daga Sin suke. Burodin mai shayi da alkamar waje aka yi shi, domin wadda ake nomawa a Kano da Jigawa da sauran jihohi ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ƙasar ke ci ba. Kifin ƙanƙara kuwa galibinsa daga tekun wasu ƙasashe ake kawo shi.

Duk waɗannan da kuɗin waje aka sayo su kafin su iso hannunmu mu biya da naira. Shi ya sa in aka ce dala ta tashi, mai sayar da kifi a Kurudu takan ji a jikinta, ko da kuwa ba ta taɓa riƙe dala ba. Darasin nan zai bi sawun wannan alaƙa daki-daki.

KASHI NA ƊAYA: MENE NE CINIKIN WAJE?

Cinikin waje shi ne saye da sayarwa tsakanin mutanen wata ƙasa da na wata. Ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Tun ƙarnoni da suka wuce, ayarin raƙuma kan tashi daga Kano da Katsina su bi ta Agadas zuwa Gat da Tarabulus, ɗauke da rinannun tufafi da jemammun fatu. Su komo da takarda da alharini da duwatsun ado. Buzaye na kawo gishiri daga Bilma, fatake kuma na zuwa Gwanja ɗauko goro. Kasuwar Kurmi ta Kano a kan irin wannan fatauci ta bunƙasa.

Dalilin ciniki ɗaya ne tun wancan zamani har yau: babu ƙasar da Allah ya ba komai. Wata tana da ƙasar noma, wata ma'adinai, wata kuma masana'antu da gwanayen ma'aikata. Kowace takan yi abin da ta fi iyawa, ta sayar, ta sayi abin da ba ta da shi.

Ga ƙasa mai tasowa, amfanin wannan ciniki uku ne. Na farko, tana samun abin da ba ta kai ga ƙerawa ba tukuna, kamar injinan masana'antu da na asibiti da wasu magunguna. Na biyu, manomanta da masu sana'arta suna samun kasuwa wadda ta fi ta gida girma. Na uku, gwamnati na samun haraji daga kayan da ke shiga da fita.

AKWATIN KALMOMI NA 1
Ƙasa mai tasowa: ƙasar da kuɗin shigar yawancin mutanenta bai da yawa, kuma masana'antunta da hanyoyinta da lantarkinta ba su gama kafuwa ba.
Fitar da kaya: sayar wa mutanen wata ƙasa abin da aka noma, aka haƙo ko aka ƙera a gida.
Shigo da kaya: sayo abin da aka yi a wata ƙasa a kawo gida.
Rarar ciniki: in kuɗin abin da aka fitar ya fi na abin da aka shigo da shi.
Giɓin ciniki: in kuɗin abin da aka shigo da shi ya fi na abin da aka fitar.

KASHI NA BIYU: ME NAJERIYA KE SAYARWA, ME TAKE SAYE?

Lokacin da aka sami 'yancin kai a 1960, amfanin gona ne ke kawo wa Najeriya mafi yawan kuɗin waje. Arewa na fitar da gyaɗa da auduga da fatu, Yamma na fitar da koko, Gabas kuma manja da ƙwarar manja. Dattawa na tuna dalar gyaɗa a Kano, inda ake jera buhuna ana jiran jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Legas.

An gano man fetur a Oloibiri, a Jihar Bayelsa ta yanzu, a 1956, aka fara fitar da shi a 1958. Najeriya ta shiga ƙungiyar ƙasashe masu arzikin mai ta OPEC a 1971. Da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a shekarun 1970, sai hankalin gwamnati da na jama'a ya koma kansa, noman kayan fitarwa ya ja baya. Tun daga nan, mai da iskar gas ne ke kawo fiye da kashi 80 cikin 100 na kuɗin kayan da ƙasar ke fitarwa.

Akwai sauran kayan da muke sayarwa waje: koko, riɗi, kashu, citta, zoɓo, fatu da takin zamani. Riɗin da ake nomawa a Nasarawa, maƙwabciyarmu, da Binuwai da Jigawa yana zuwa har Japan da Sin da Turkiyya. Cittar kudancin Kaduna da zoɓon Jigawa da Kano suna da masu saye a ƙetare. Mexico na cikin manyan masu sayen zoɓonmu.

Abin da muke sayowa kuwa ya haɗa da injina, motoci da kayan gyaransu, magunguna, kayan lantarki, alkama, kifi da madarar gari.

Misali na 1
Lambobin nan na koyon lissafi ne. A ce wata ƙasa ta fitar da kaya na dala biliyan 50 a shekara, a ciki biliyan 40 kuɗin mai ne. Ta shigo da kaya na dala biliyan 45.
Rara: 50 − 45 = dala biliyan 5.
A shekara ta gaba farashin mai ya faɗi zuwa rabi. Kuɗin mai ya koma biliyan 20, jimillar abin da aka fitar ya zama 20 + 10 = biliyan 30.
Giɓi: 45 − 30 = dala biliyan 15.
Ƙasar ba ta rage ko ganga ɗaya ba, amma ta tashi daga rara ta faɗa giɓi.

Irin wannan ya faru a zahiri. A tsakiyar 2014 gangar ɗanyen mai ta fi dala 100 a kasuwar duniya. Zuwa Janairun 2016 ta sauko ƙasa da dala 30. A shekarar tattalin arzikin Najeriya ya shiga karaya, dala ta yi wuya, jihohi da dama suka kasa biyan albashi a kan kari. Wannan shi ne haɗarin dogara ga kaya ɗaya wanda ba a gida ake yanke farashinsa ba.

KASHI NA UKU: DALA DA CANJIN KUƊI

Mai masana'anta a Sin ko Indiya ba ya karɓar naira. Ɗan kasuwar da zai sayo kaya wurinsa dole ya canza nairarsa zuwa kuɗin da duniya ta yarda da shi, wanda galibi dalar Amurka ce. Saboda haka dala ma haja ce, tana da kasuwa, tana da farashi. Masu kawo ta kasuwa su ne masu fitar da kaya, da masu zuba jari daga waje, da 'yan uwa mazauna ƙetare. Masu nemanta su ne masu shigo da kaya, da maniyyata aikin Hajji da Umara, da masu biyan kuɗin makaranta ko asibiti a waje, da gwamnati in za ta biya bashi. In masu nema suka fi abin da ke akwai, dala ta tashi. In dala ta wadata, naira ta farfaɗo.

Babban Bankin Najeriya, wanda ya fara aiki a 1959 kuma hedikwatarsa ke nan Abuja, shi ke kula da wannan kasuwa da asusun ajiyar kuɗin waje. Ban da bankuna, akwai 'yan canji, irin na Wuse Zone 4 a Abuja da na Wapa a Kano.

AKWATIN KALMOMI NA 2
Kuɗin waje: kuɗin wasu ƙasashe da ake biyan kaya da su tsakanin ƙasa da ƙasa, kamar dala, fam na Ingila, yuro da yuwan na Sin.
Farashin canji: yawan nairar da za a bayar a karɓi dala ɗaya.
Asusun ajiyar kuɗin waje: kuɗin wajen da Babban Banki ya tara don biyan buƙatun ƙasa da tare naira in ta fara zamewa.
Hauhawar farashi: tashin farashin yawancin kaya a lokaci guda, har kuɗi ya rage daraja.

An fara amfani da naira ranar 1 ga Janairu, 1973. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Bayan faɗuwar farashin mai, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, aka fara barin kasuwa ta yanke farashin naira, darajarta ta yi ƙasa. A 2015 dala tana kusan naira 200 a banki. A farkon 2023 tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, amma wurin 'yan canji ta fi naira 700. A Yunin 2023 aka haɗe farashin aka sake wa naira mara, kuma zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500.

Misali na 2
Wani mai shagon waya a Kurudu yana sayar da wata waya da ake sarowa a kan dala 100.
In dala na naira 460: 100 × 460 = naira 46,000.
In dala na naira 1,500: 100 × 1,500 = naira 150,000.
Wayar ba ta sauya ba, kamfanin da ya ƙera ta bai ƙara ko sisi ba, amma mai saye zai ƙara naira 104,000.
Yanzu ku dubi mai fitar da riɗi. A ce ana sayen tan ɗaya a waje a kan dala 1,500.
In dala na naira 460: 1,500 × 460 = naira 690,000.
In dala na naira 1,500: 1,500 × 1,500 = naira 2,250,000.

Ke nan faɗuwar naira tana cutar mai shigo da kaya da mai albashi, tana kuma ƙara wa mai fitar da kaya kuɗi a hannu. Sai dai shi ma ba duka zai ci ba, domin maganin feshi da kayan gyaran mota da kuɗin dako duk sun tashi. Da yake masu cin kayan waje sun fi masu fitar da kaya yawa nesa ba kusa ba, faɗuwar naira kan zo wa yawancin gidaje da tsadar rayuwa. A Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin 100.

KASHI NA HUƊU: ƊANYE KO SARRAFAFFE?

Nan ne zuciyar darasin take. Yawancin ƙasashe masu tasowa suna sayar da kayansu ɗanye, su sayo su bayan wasu sun sarrafa. Riba mai tsoka da aikin yi kuwa a wurin sarrafawa suke.

Misali na 3
Yawancin kashun Najeriya da ɓawonsa ake fitar da shi, a kai Biyetnam da Indiya a fasa. A ce kilo 5 na ɗanyen kashu ya kawo dala 5. In an fasa an gyara, ya ba da kilo 1 na ƙwaya mai kuɗi dala 8. In an soya an zuba a leda mai tambari, an ajiye a kantin Turai, ya zama dala 20.
Abin da ya shigo Najeriya: dala 5.
Abin da ya tafi wa masu fasawa, masu soyawa, masu dako da masu kanti a waje: 20 − 5 = dala 15.
Kowace dala a cikin 15 ɗin nan albashin wani ce ko ribar wani, a wata ƙasa.

Haka abin ya daɗe a harkar mai. Gwamnati na da matatu huɗu, biyu a Fatakwal, ɗaya a Warri, ɗaya a Kaduna, amma sun shafe shekaru ba sa aiki yadda ya kamata. Sai ƙasar ta riƙa fitar da ɗanyen mai tana sayo tataccen fetur da dala, gwamnati na biyan tallafi a kai. Da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki. Duk mai fita aiki cikin gari daga Kurudu ta hanyar Nyanya ya ga haka a kuɗin mota. Matatar Dangote da ke Lekki a Legas, wadda aka gina don tace ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da fetur a Satumbar 2024. Duk litar da aka tace a gida ta rage buƙatar shigo da fetur daga waje, aikin tacewar kuma ya zauna a ƙasa.

Sarrafawa na tafiya tare da inganci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda an sami maganin ƙwari fiye da ƙima a jikinsa. Wanda ya zuba wa wake guba a rumbu ko a sito don kada ya yi ƙwari ya cuci mai ci a gida, ya kuma rufe wa dubban manoma kasuwa a waje.

KASHI NA BIYAR: SAURAN HANYOYIN SHIGOWAR KUƊIN WAJE

Abin da ƙasa mai tasowa ke iya tarawa da kanta bai cika isar ta gina tituna da layin dogo da tashoshin lantarki ba. Sai ta nemi ƙari daga waje ta hanyoyi huɗu.

1. Jarin waje. Wani kamfani daga ƙetare ya zo ya kafa sana'a. A Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin wayar salula, kamfanonin da suka samu, ciki har da MTN na Afirka ta Kudu, kowanne ya biya dala miliyan 285. Kafin nan layukan tarho a faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. Yau sun haura miliyan 100, kuma mai POS da mai gyaran waya da mai sayar da kati a Kurudu duk a kan wannan jari suke cin abinci. Amma mai jari yakan kwashi ribarsa da dala ya kai gida. Akwai kuma masu jarin da takardun gwamnati da hannun jari kawai suke saye. Su waɗannan da sun ga alamar matsala sai su sayar su fice, ficewarsu kuma ta ƙara wa dala tsada.

2. Bashin waje. Gwamnati kan ci bashi daga Bankin Duniya, da Asusun Ba da Lamuni na Duniya wato IMF, da Bankin Raya Afirka, da Bankin Musulunci da ke Jidda, da wasu ƙasashe. Layin dogon Abuja zuwa Kaduna, daga Idu zuwa Rigasa, wanda aka buɗe a Yulin 2016, an gina shi ne da taimakon bashin dala miliyan 500 daga bankin Exim na Sin.

3. Aiken 'yan uwa mazauna waje. 'Yan Najeriya da ke Amurka, Ingila, Saudiyya da sauran ƙasashe suna aiko da kusan dala biliyan 20 a shekara. Wannan kuɗi ba bashi ba ne, kuma kai tsaye yake shiga gidaje: kuɗin makaranta, asibiti, ginin gida da jarin sana'a.

4. Agaji. Kuɗi ko kayan da ake bayarwa ba don a biya ba, kamar rigakafin shan inna da gidan sauro. Yana da amfani, sai dai mai bayarwa na iya tsayar da shi ranar da ya ga dama.

AKWATIN KALMOMI NA 3
Jarin waje: dukiyar da baƙo ya zuba a sana'a a cikin ƙasa don ya sami riba.
Bashin waje: kuɗin da aka ranto daga wajen ƙasa, wanda za a biya da kuɗin waje.
Kuɗin ruwa: ƙarin da ake biya a kan uwar kuɗin da aka ranta.

Mu koma kan bashi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin dubawa shi ne me aka yi da shi.

Misali na 4
Maƙwabta biyu kowanne ya ranci naira 2,000,000. Na farko ya sayi Keke Napep. A ce yana samun naira 10,000 a rana bayan ya cire kuɗin mai, yana biyan 5,000. Bayan kwana 400 na aiki ya gama biya, keke ya zama nasa: 5,000 × 400 = 2,000,000. Na biyu ya kashe nasa a hidimar biki. Kuɗi ya ƙare, bashi na nan, sai ya riƙa yankar kuɗin cefane yana biya.
Haka ƙasa take. Sai dai bashin waje yana da ƙarin haɗari. Wanda ya ranci dala miliyan 1 lokacin da dala ke naira 460, ya karɓi kwatankwacin naira miliyan 460. In lokacin biya dala ta kai naira 1,500, zai nemo naira miliyan 1,500, ban da kuɗin ruwa.

Najeriya ta ɗanɗana nauyin bashi. Zuwa 2005 ƙungiyar ƙasashe masu ba da bashi ta Paris tana bin ta kusan dala biliyan 30. A zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, lokacin Ngozi Okonjo-Iweala na ministar kuɗi, aka daidaita aka yafe dala biliyan 18, Najeriya ta biya kusan biliyan 12. Daga baya bashi ya sake taruwa, har a wasu shekarun baya-bayan nan fiye da rabin kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ya tafi wajen biyan basussukan gida da na waje. Nairar da ta tafi can ba za ta zo makarantar firamare ko asibitin unguwa ba.

KASHI NA SHIDA: DOKOKIN CINIKI

Gwamnati na da hanyoyin sarrafa abin da ke shigowa. Tana sa harajin kwastam, tana hana shigo da wasu kaya, wani lokaci ma ta rufe iyaka.

Misali na 5
Wata 'yar kasuwa ta shigo da kaya na naira 1,000,000. A ce harajin kwastam kashi 20 cikin 100 ne, wato naira 200,000. Dako daga Legas zuwa Abuja naira 50,000. Jimilla naira 1,250,000. In ta ɗora ribar kashi 10 cikin 100, wato 125,000, za ta sayar a kan naira 1,375,000. Harajin da ta biya a tashar jirgin ruwa, mai saye ne ya biya shi a ƙarshe.

Kāre masana'antun gida yana da hujja. Masaƙun Kakuri a Kaduna da na Kano sun taɓa ɗaukar dubban ma'aikata. Rashin wuta da fasa-ƙwauri da atamfa mai araha daga Sin suka durƙusar da yawancinsu. Amma rufe ƙofa kaɗai ba ya gyara. An rufe iyakokin ƙasa na tudu a Agustan 2019 don hana fasa-ƙwaurin shinkafa, aka fara buɗe su a Disambar 2020. Injinan casar shinkafa sun ƙaru a Kano da Kebbi, amma farashin abinci ya tashi, 'yan kasuwar Jibiya da Illela da Maigatari da na Maradi kuma suka sha wahala. In babu wuta da hanya da tsaro da rance mai sauƙi, kayan gida ba za su yi arahar da za su iya gogayya ba.

Najeriya ta kuma shiga yarjejeniyoyin sauƙaƙa ciniki. Tana cikin waɗanda suka kafa ECOWAS a 1975, kuma hedikwatar ƙungiyar na Abuja. Ta sa hannu a yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka a Yamai a Yulin 2019. Tana cikin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda Ngozi Okonjo-Iweala ta zama shugabarta a 2021.

AKWATIN KALMOMI NA 4
Harajin kwastam: kuɗin da ake biyan gwamnati a kan kayan da suka ƙetaro iyaka.
Fasa-ƙwauri: shigo da kaya ko fitar da su ta ɓarauniyar hanya don guje wa haraji ko doka.

KASHI NA BAKWAI: ABIN DA YA RAGE GARE MU

Babu wanda zai gyara farashin dala daga Kurudu, amma sanin yadda abin ke tafiya yana kāre jari. Mai sayar da kayan waje ya riƙa sa farashi bisa abin da zai kashe wajen saro sabo, kada ya sayar ya kasa mayar da kaya. Wanda da naira yake samun kuɗinsa ya guji bashin da za a biya da dala. Wanda ake yi wa aike daga waje ya ware wani abu ya sa a sana'a. Masu harkar riɗi, kashu ko zoɓo su haɗu a ƙungiya, su tsabtace kayansu su busar da kyau, su nemi bayani a Hukumar Bunƙasa Fitar da Kaya ta Najeriya da ke Abuja. In kuma muka ji gwamnati za ta ci bashi, haƙƙinmu ne mu tambayi wakilanmu: nawa ne, me za a yi da shi, kuma daga ina za a biya?

TAƘAITAWA

Ƙasa mai tasowa ba ta iya rabuwa da cinikin waje da kuɗin waje. Suna amfanar ta in tana sayar da kaya iri-iri, tana sarrafa su a gida, tana kuma sa jari da bashi a ayyukan da za su haifar da abin biya. Suna jefa ta cikin tsada in ta dogara ga ɗanyen kaya ɗaya, ta kuma ci bashi ta cinye.

TAMBAYOYIN BITA

A. Cike gurbi
1. An fara fitar da man Najeriya waje a shekarar ______.
2. In kuɗin kayan da aka shigo da su ya fi na waɗanda aka fitar, an sami ______.
3. Hukumar da ke kula da asusun ajiyar kuɗin waje ita ce ______.

B. Gaskiya ko ƙarya
4. Faɗuwar naira tana rage farashin kayan da ake shigowa da su.
5. Aiken 'yan uwa mazauna waje bashi ne da ƙasa za ta biya.
6. Harajin kwastam yakan ƙare a kan mai saye.

C. Lissafi
7. Ana saro janareta a kan dala 200. Nawa ne kuɗinsa in dala na naira 800? Nawa ne in ta kai naira 1,400?
8. Wata ƙasa ta fitar da kaya na dala biliyan 36, ta shigo da na biliyan 42. Rara ce ko giɓi? Na nawa?
9. Kaya na naira 500,000, harajinsa kashi 10 cikin 100, dako naira 30,000. Nawa ya tsaya wa ɗan kasuwa?

D. Bayani
10. Kawo dalilai biyu da suka sa dogara ga man fetur kaɗai ke da haɗari.
11. Mene ne bambancin jarin waje da bashin waje?
12. Me ya sa kashun da aka fasa a gida ya fi amfanar ƙasa?

E. Aikin rukuni
13. Ku kasu uku-uku, ku je wani kanti a unguwarku. Ku rubuta kaya goma da ƙasar da aka yi kowanne. Ku ware waɗanda kuke ganin za a iya yi a Najeriya, ku faɗi abin da ake buƙata kafin a yi su, ku kawo wa aji a zama na gaba.